Wankin Likkafanin Tsahara

"Salamu alaikum. Amaryata na nan, ko ta bi wani?"

"Wa alaikumus salamu. Ba ta nan. Ta gaji da miji mai wankin wandunan mutane, ta yi yaji."

"To wa ke magana?"

"Kurwarta ce. Shigo ka gaishe ta, marar kunya."

Ilyasu ya jingine babur a zaure ya shigo da baƙar leda a hannu. Gidan tsit yake. Mahaifinsa, Maman Lawali, ya yi sammakon zuwa garkarsa ta Jiratawa, mahaifiyarsa Ramatu kuma ta bi shi don barkar haihuwa a can. Kakarsa Tsahara kaɗai aka bari, zaune kan tabarma a bakin ɗaki ta jingina da bango, ga ƙwaryar kunu a gefenta ko ludayin ba ta taɓa ba.

Wata biyu ke nan da ruwan damina ya kwantar da ɗakinta na Tsibiri, aka kwaso ta zuwa nan Sabon Gari. Ciwo kuwa da ma yana laɓe, sai ya samu dalili. Makon jiya likita ya sallame ta daga asibiti, ya ja Maman Lawali gefe ya ce a kai ta gida, duk abin da ranta ke so a ba ta. Wanda ya taɓa jinya ya san fassarar wannan magana. Tun daga ranar kowa a gidan ya koma yi mata magana a hankali, sannun safe daban, ta rana daban, har ta tsani kalmar. Ilyasu ne kaɗai bai canza harshe ba. Ba wai zuciyarsa ta fi ta kowa tauri ba ce. Ya dai san ranar da jika ya daina tsokanar kakarsa, ranar ya gaya mata abin da likita ya ɓoye.

"Kin kwana lahiya?"

"Lahiya lau, tunda ban yi mahwalkinka ba."

"Ina ƙarhin jiki?"

"Da sauƙi. Kai ne dai ciwon da ya ƙi jin magani."

"Ni ne ciwo, amma ni kinka kira tun ban buɗe shago ba. 'Ka zo maza, ka taho da abin da kake hidda hunhuna ga tuhwahi.' Na bar kayan mutane jiƙe, na ce ruwa ba ya tsami banza. Halan ke ce kinka yi hunhunar, a jiƙa ki a shanya?"

"Ka ci ƙaniyarka. Tsohuwar zuma ba ta hunhuna, da ita aka magani. Mi ka kawo?"

Ya zaro kwalabe biyu na roba daga ledar, ruwan ciki garau kamar na famfo. Ta karɓi ɗaya, ta yi ta fama da murfin har sai da ya buɗe mata. Tana kai hanci ta kau da kai.

"A'uzu billahi! Mi ne ne wanga?"

"Binegar. Hwari, mai kyau."

"Ba shi ne masu saida salati ka yayyahwa ma ganye ba?"

"Shi ne."

"Na aiki mai wanki, ɗan kuku ya dawo. To ina albasar? Ka manta man gyaɗa?"

"Ke dai ba ki san komi ba sai toka da sabulun salo. Shekara bakwai ina wanki da guga cikin garin Maraɗi. Rigar da ta kwana cikin ruwa ta yi wari, shaddar da damina ta yi ma ɗigo-ɗigo, duk da shi nike gyara su. Alhazai layi suke bakin shagona."

"Layin karɓar rigunan da ka ƙona."

"Guda ɗaya tak na taɓa ƙonawa, ita ma don kin kira ni kina kukan goro."

"Namiji har namiji, kakanninshi sun riƙe takobi a Gobir, shi ya ƙare ga dutsen guga."

"Takobin ne anka gwada ga huskarki? Zane kamar kaji sun yi tono."

"Zanen nan shi ya sa kakanka ya yi zaryar shekara biyu gidanmu. Kai da huska sumul kamar bayan ƙwarya, wace ta kalle ka?"

"Ke."

"Rashin sani ne, shi da ya hi dare duhu."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Ilyasu ya tsaya yana duban kwalbar da ke hannunsa kamar mai karanta rubutun jikinta, har abin ya lafa.

"Shiga ɗaki," ta ce. "Ƙarƙashin gado, can ƙurya, akwai ƙunshi cikin tsohon zane. Ɗauko. Ka yi bisimilla."

Ya fito da shi yana yatsina fuska, don warin danshi ya riga ƙunshin fitowa.

"Wanga wane lehe ne ba da sanina ba? Wani na neman ki a ɓoye?"

Ya kwance. Farin saƙi ne irin na da, siraran layuka an ɗinke su gefe da gefe, falle biyar, ɗaya babba sauran ba su kai shi ba. Fumfuna ta yi masa ɗigo-ɗigo, baƙi da kore, ta bi duk inda aka ninke. Sai da ya ɗaga wani falle ya ga an yanka masa wuya ba a ɗinka hannu ba, sannan ya gane abin da ke hannunsa. Likkafani ne.

"Ni na kaɗa zaren, kakanka ya saƙa," ta ce. "Biyu ya yi. Nashi ya tahi da shi shekara tara ke nan. Wanga nawa ne. Yana cikin adaka ruwa ya shiga ɗaki, ban samu na duba ba sai da munka zo nan."

Marigayi Zakariya'u masaƙi ne, Ilyasu yana tuna shi zaune a ramin saƙa a ƙofar gida, ƙafafu na aiki baki na mita. Tun da ya rasu ramin ya cike, ba wanda ya gaje shi.

"Baba ya gani?"

"Wancan? In ya gani, bola za shi kai shi, ya tahi kasuwa ya yanko sabon yadi mai sheƙi. Shi komi sabo. Kuma da wane baki zan zauna in yi zancen likkahwanina da shi?"

Maman Lawali ɗan farinta ne. Shekara hamsin da biyar ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi doguwar magana da shi ba, ba kuwa yau za ta fara ba. Abin da kunya ta hana a gaya wa ɗa, jika ake jibga wa.

"Kaka..." in ji Ilyasu, murya ƙasa-ƙasa.

"Wa ce Kaka?" Ta ɗago da sauri. "Yau kuma? Kai ma ka shiga sahun masu sannu? In sannu ka kawo, ɗauki ruwan salatinka ka koma. Akwai ta gidan nan har ta yi mani yawa."

Ya ninke fallen ya ajiye a kan tabarma.

"Cewa zan yi, ashe da gaske kike. Shekara nawa ina hwaɗa maki ki mutu mu sha gumba, kina ja mani rai. Ashe har kin haɗa kaya ba ki shaida ma mijinki ba."

"Yauwa, yanzu ka yi magana. Ba a hwahe gora ranar tahiya. Gumba kuwa, na bar wasiyya kada a sa sukari ga taka."

"Rowa har lahira."

"Zai hita ko ba zai hita ba?"

"Hita zai yi. Ni ne hwa."

Faɗa kawai ya yi, bai sani ba. Fumfunar kwana uku daban, ta wata biyu daban, kuma a duk shekarunsa na wanki bai taɓa jin tsoron ƙyalle ba sai yau. In wannan ya lalace, ba kasuwar da za a je a samo wani.

Ya jawo babban baho zuwa bakin famfo. Yana warware babban fallen sai wani wari ya bugi hancinsa, wanda ba na danshi ba. Gefe guda na ƙyallen ya yi fari fat, farin da bai yi kama da na sauran ba.

"Amarya. Mi kinka zuba ma wanga gehen?"

"Ba komi."

"Hancina ba na ado ba ne. Jabel ne, ruwan da ka sa tuhwahi hwari."

"Ɗan kaɗan."

"Kin sirka da ruwa?"

"In sirka, ƙarhinshi ya tahi? Na ga uwarka na zuba ma tsumma ya yi hwari, na hwaki ido na ɗebo. Nan ne hunhunar ta hi yawa."

"Ya daɗe ciki?"

"Kwana biyu. Na kasa tashi in ɗauraye."

Wannan ta ƙarshen a hankali ta faɗe ta, tana duban tabarma. Tausayinta ya kama Ilyasu har cikin ƙashi, amma bai bari ya hau fuskarsa ba.

"Ɓarauniyar jabel! Garin neman gira za ki rasa ido. Kuma da ban shinshina ba na tsunduma shi cikin binegar, da iskar da za su tada tare ta kwashe mu, ni da ke."

"Allah ya kiyaye. In isa can da kai a bayana, mi zan ce ma kakanka? Shekara tara yana jira, in zo mashi da ƙaton kwarto?"

"Sai ya yi haƙuri. Ni ne mai ci yanzu."

"Mai cin tuwon mutane dai. Ɗauraye, kada wankin hula ya kai mu dare."

Ruwa biyar ya canza, yana juya ƙyallen cikin baho a hankali, bai ɗaga ba bai murza ba, har warin jabel ya ɓace. Sannan ya ɗora tukunya, ya sirka ruwa mai ɗumi, ya juye kwalba ɗaya da rabi, ya nutsar da fallayen duka. Warin tsami ya cika tsakar gida. Sama kuwa tun safe ta haɗe rai, hadarin ƙarshen damina irin wanda ba ya zuba ba ya kuma wucewa.

"Sai ya yi awa guda a jiƙe."

"Yanzu haka zan isa gaban kakanka ina warin salati?"

"Rana na bugunshi warin zai tahi."

"Wace rana? Ka ga rana?"

"To ki dakata da tahiyar har ta hito."

"Ba ni ka tuƙa motar ba."

Ya zo ya zauna a gefen tabarmar, ya tura mata ƙwaryar kunun.

"Ludayi uku."

"Ba ni sha. Kunun Katsinawa, ruwa-ruwa kamar an wanke ƙwarya."

"Ludayi uku, ko in hwaɗa ma Inna wadda ta sace mata jabel."

"Ɗan baƙin ciki. Haka kakanka yake, ba ya samun mutum a hannu ya saki."

Ta sha biyu, na ukun ya tsaya a hanya ta mayar da shi ƙwarya. Bai matsa mata ba. Ta jingina kai da bango tana kallon bahon.

"Audugar Jiratawa ce," ta ce. "Shekarar da anka yi maka kaciya, ka cika unguwa da ihu kamar ana yanka akuya. Rani biyu ina kaɗi. Kai ne ka karya mani mazari, wai ka samu abin wasa."

"Ashe da hannuna cikin aikin. To rabi nawa ne."

"Jira naka, yana tahe. Kai da yadin kasuwa za a naɗe ka, mai roba-roba, irin wanda zuhwa ba ta ratsawa."

"Ni sai na ga jikokin jikokina."

"Ka samu matar tukuna. Ko ni don tausayi nike zaune da kai."

Daga nan muryarta ta yi ta raguwa har barci ya ɗauke ta a zaune, baki a ɗan buɗe. Ilyasu ya zauna yana kora mata ƙuda, yana ƙirga numfashinta ba tare da ya yi niyya ba. Can waje masu kabu-kabu na ta hon, wata mai tallar kopto, kwaɗon zogale, ta wuce tana kira, duniya na harkarta ba ruwanta. Shi kuwa baƙin ciki ya danne shi, ba kuma wanda zai zolaya ya rage.

Da lokaci ya yi ya koma bakin baho, ya fara bin ɗigon da sabulu da ɗan yatsa, falle bayan falle. Koren ya saki tun a jiƙo. Baƙin ya yi gardama, amma ya koɗe, ya bar inuwa-inuwa wadda sai mai neman aibu zai gani. Motsin ruwan ya tashe ta, ya ɗaga ƙaramin fallen, na kallabi, ya nuna mata.

"Duba aikin ruwan salati."

"Kawo kusa, idona ba na yara ba ne." Ta daɗe tana dubawa. "Hm. Tsintar dami a kala ka yi."

"Yabon gwani ya zama dole. Ki hwaɗa kawai."

"In na yabe ka, wa zai zage ka?"

Saura babban fallen, wanda ake naɗe mamaci da shi a ƙarshe ya rufe sauran duka. Ya tallafo shi da hannu biyu daga cikin ruwa. Nauyin ruwan kaɗai ya isa. Gefen da ya sha jabel ya rabu da ɗan'uwansa ba ko ƙara, kamar jiƙaƙƙiyar takarda, layi huɗu cur daga sama har ƙasa suka koma cikin baho.

Ilyasu ya tsaya da sauran a hannu, ruwa na bin gwiwar hannunsa.

"Ya yage," ya ce.

"Na gani."

"Zan nemo masaƙi. Ko Tsibiri, ko Madarunhwa, ko ina ne. A ƙara layi huɗu."

"Da zaren wa?"

Ya dubi fallen da ke hannunsa.

"To a ƙara da yadi a gehe. Ba mai lura."

"Ni zan lura. Wancan kuma in ya ga maho, ya samu hujjar yar da shi."

Ya sunkuyar da kai. Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa da gaske a duniya, ga shi ya rabu biyu a hannunsa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kai, mijin banza. Kwanto igiyar shanya."

"Mi za ki yi da ita?"

"Rataye ka zan yi. Kwanto na ce."

Ya kwanto. Ta dafa bango ta gyara zama, ta manne hannuwa da jikinta.

"Zagaya ni da ita. Ta kahwaɗa, inda na hi hwaɗi."

"Haba, amarya."

"Yau ka hwara jin kunyar matarka? Zagaya."

Ya durƙusa ya zagaya igiyar. Kullum yana ganinta cikin riga da mayafi, bai san abin ya kai haka ba. Ƙasusuwa ne kawai, igiyar ta haɗu tun bai miƙe hannu ba. Ya danne wurin da ɗan yatsa.

"Yanzu gwada ga hwaɗin abin da ya yi saura."

Ya shimfiɗa fallen a kan sabuwar tabarma ya ɗora igiyar. Ƙyallen ya cinye awon ya bar rara.

"Nawa ya rage?"

"Kamu da taƙi."

"To. Lokacin da kakanka ya saƙa shi, ni kaɗai nike cika ƙohwar ɗaki. Yana saƙa yana mita, wai na cinye mashi gero, yanzu kuma zan cinye mashi zare. Sai da ya ƙara layi huɗu bisa nashi. Waccan matar ta daɗe da tahiya. Ciwo ya ci layi huɗu, jabel ya ci layi huɗu, kunnen doki. Ina abin ɓata rai?"

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa tare da hawaye. Ya sa bayan hannu yana share fuska, ita kuwa ta kau da kai ta bar shi ya gama.

"Na sallama," ya ce. "Kin kada ni. Ɓarauniyar jabel ta hi mai shago sanin aiki."

"Da can ba ka sani ba? Ɗauraye shi ka shanya bayan ɗaki, inda wancan ba ya zuwa. In ya bushe ka goge, ka tahi da shi shagonka ka aje inda ruwa ba ya kai. Ranar, kai za ka kawo shi da hannunka. Ka tsaya bakin ƙohwa har ka ji mata sun ce da shi anka naɗe ni. Wancan ba ya iya musu da kai gaban mutane. Jika ne kai, kowa ya san bakinka ba linzami."

"In ba da shi ba, ba inda za ki. Ban sake ki ba."

"Haka nike son ji."

Ta sa ya tsamo layukan da suka yage. Ta bi su da yatsa a hankali har ta sami wani ɗan wuri da jabel bai kai ba, bai fi tafin hannu biyu ba, ta raba shi da ruɓaɓɓen ta miƙa masa.

"Ungo ladan wanki. Ka riƙa kama dutsen guga da shi."

"Tsumma? Aikin wuni guda, tsumma?"

"Zarena ne. In ba ni nan, wa zai hana hannunka ƙonewa?"

Ya karɓa da hannu biyu, yadda ake karɓar kyautar manya, ya ninke shi a jiƙe ya sa a aljihun gaba. Sannan ya ɗauki igiyar ya nufi bayan ɗaki, tana binsa da faɗa wai ya ɗaure ta da kyau, kada ya zubar mata da kaya a ƙasa.